Harshen Baffana

Shekarun farko na aurenmu a Samaru muka yi su, lokacin maigidana yana neman digiri na biyu. Bincikensa a kan wani irin yis ne da ke tsira a bakin mutum, ya mai da harshe fari kamar an shafa kindirmo. Ya ce yis ɗin yana fitar da wani ruwa mai narkar da naman baki, ƙarfin wannan ruwa yake aunawa. Matsalarsa ɗaya, ƙarancin masu ciwon. In baƙo ya zo gidanmu, yana gaisuwa maigida yana leƙen bakinsa.

Wata Asabar baffana ya zo daga Muciya. Tsohon ma'aikacin reluwe ne mai haƙoran roba, da su yake kwana. Na kawo tuwon shinkafa, ya yi loma biyu ya tsame hannu, ya ce bakinsa zafi. Maigida ya ɗauko tocila.

"Baba, ku ɗan buɗe."

Ya haska, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Masha Allah."

Ya goga auduga a harshen, ya kai ɗakin gwaji, ya shuka a faranti mai ɗauke da madara. Da ya koma dubawa, yis ɗin baffa ya cinye madarar da ke kewaye da shi tas. Maigida ya hau babur har Muciya da kwalbar magani, ya ce, "Baba, duk bakunan da na gwada a Zariya babu mai ƙarfin naku."

Baffa ya karɓi kwalbar ya ɗora a kan kabad, bai buɗe ba. Washegari duk majalisarsu ta bakin kasuwar Sabon Gari ta ji labari. Tsofaffi suka fara hawa bas suna zuwa Samaru a gwada su, ni kuma ina dafa shayi. Wani tsohon tela daga Dogarawa, wanda suka daɗe ba sa ga maciji da baffa, shi ya zo na biyu a gwajin. Ya ce an yi son kai saboda surukuta.

Wata guda baffa yana shan koko kaɗai, yana ramewa, yana alfahari. Da matarsa ta gaji, ta ce ko ya shafa maganin ko ta jefa haƙoran a rijiya. Ya shafa, bakinsa ya yi shuɗi kamar ya sha ruwan marina.

Ana cikin haka firjin ɗakin gwajin ya lalace a lokacin hutu, duk abin da aka shuka ya mutu. Muka tafi Muciya tare da auduga. Baffa ya buɗe baki, harshe ja wur, lafiya lau. Maigida ya kashe tocila ya zauna a tabarma.

"Ka yi haƙuri, ɗana," in ji baffa. "Na warke. Amma in na daina wanke haƙoran, ina ga zai dawo."

Na ga maigida ya fara nazarin maganar, sai na ce in suka kuskura zan koma gidanmu.

Da yis ɗin telan Dogarawa aka ƙarasa binciken, shi da ya ƙi magani don kawai ya wuce baffa. Ranar walimar kammala karatu tela ya zo da babbar riga, ya zauna a sahun gaba. Baffa ya aiko da kaji, ya ce ƙafa ke damunsa.