Mai Makullin Allurar Ƙarshe

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiyar, wadda ma'aikatan asibiti suka fi sani da Mai Makulli, a ranar 9 ga Maris na shekarar 1958, a wani ƙaramin gari da ke bakin hanyar jirgin ƙasa, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta. Mahaifin nata mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuma tela ce mai ɗinka kayan 'yan makaranta. 'Ya'ya biyu kacal Allah ya ba su, ita da yayanta, wanda ya girme ta da shekara shida kuma ya gaji sana'ar uban. Tun tana 'yar shekara biyar ta saba ɗauke gilashin da mahaifinta ke maƙalawa a ido idan zai duba cikin agogo, ta je tana leƙen ƙafar tururuwa da shi, har uban ya gaji da cigiya ya sayo sabo ya bar mata tsohon. Yayan nata ne ya laƙaba mata 'Yar Gilashi, sunan da ya bi ta har girma a cikin gida.

Karatu

Ta shiga firamare a shekarar 1964, sakandare a 1971, sannan jami'a a 1976, inda ta karanci ilimin ƙwayoyin cuta. Dangi sun daɗe ba su gane kan wannan karatu ba, domin ga ta da farar riga amma an ce ba likita ba ce. Ta sami digiri na farko a 1980, na biyu kuma a 1984, a kan cututtukan da majinyaci bai zo da su ba sai a gadon asibiti ya kwashe su.

Fara Aiki

A watan Janairu na 1985 aka ɗauke ta aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti, ɗaki mai taga ɗaya a tsakanin ɗakin wanki da ma'ajiyar jini, da wani tsohon firji da ba ya daina gurnani. Aikinta shi ne ta karɓi jini ko mugunya ko fitsari, ta shuka ƙwayoyin cutar da ke ciki a faranti, ta ɗora musu magunguna iri-iri, ta jira kwana uku ta ga wanne ne ya kashe su.

Zuwa 1988 ta lura cewa a cikin faranti goma, bakwai sun daina jin magungunan da aka saba bayarwa. Ta yi wa hukumar asibiti bayani cewa duk lokacin da aka ba da magani ba da buƙata ba, ƙwayoyin suna sabawa da shi ne har su raina shi, kuma allura ɗaya tak ta rage wadda duk suke jin tsoro. A watan Yuni na 1989 hukumar ta amince a kulle wannan allura a kabad na ƙarfe, kada a fitar sai sakamakon gwaji ya nuna ita kaɗai za ta yi. Ita aka damƙa wa makullin, ta zura shi a zare ta rataya a wuya.

Likitoci ba su ji daɗin dokar ba, kuma ba su ɓoye ba. Babban likitan tiyata ya taɓa tsare ta a baranda ya ce, "Baiwar Allah, mu majinyaci ke gabanmu, ke kuwa faranti." Ta ce, "Na gobe ma kai zai zo wa, Likita. Shi nake ajiye wa."

Aure da 'Ya'ya

A watan Disamba na 1990 ta auri wani malamin lissafi, mutum mai barkwanci, wanda yakan gaya wa abokansa cewa ya je neman mata ya dawo da mai gadi. Allah ya ba su 'ya mace a 1991, namiji a 1993, da auta a 1997. Gidansu ne kaɗai a layin da baƙo zai tarar da yara sun yi layi a bakin famfo kafin cin abinci, uban yana can ƙarshen layin yana ƙorafi.

Rasuwar Mahaifinta

A watan Agusta na 1994 aka yi wa mahaifinta aikin mafitsara a asibitin da take aiki. Kwana huɗu bayan aikin zazzaɓi mai zafi ya rufe shi. Ita da kanta ta ɗebi jininsa ta shuka, aka ɗora mahaifin a kan magunguna biyu na yau da kullum kafin sakamako ya fito. A rana ta farko yana iya yi mata zolaya, yana tambayarta ko 'yan mitsitsin nata sun tsiro. A rana ta biyu ya daina gane mutane.

Yayanta ya same ta a ɗakin gwaji, riƙe da agogon aljihun mahaifinsu, ya ce, "An ce maganin yana wuyanki. Buɗe ki ba shi." Ta ce, "Yaya, a watan nan mutum biyar na hana. Idan na buɗe wa Baba, da wane baki zan hana wani gobe? Saura kwana ɗaya." Ya ce, "Baba ne fa." Ta ce ta sani, ta juya ga farantanta don kada ya ga fuskarta.

Mahaifin ya rasu da safiyar rana ta uku, awa sittin da takwas bayan ɗiban jinin, a ƙidayar yayan nata. Da azahar sakamako ya fito, kuma ya nuna cewa allurar da ke cikin kabad ce kaɗai za ta yi masa aiki. Ba ta ɓoye takardar ba, ta kai wa yayanta da hannunta. Daga ranar bai sake taka gidanta ba, bai kuma sake kiranta 'Yar Gilashi ba. Sukan gaisa idan wani sha'anin dangi ya haɗa su, gaisuwar mutanen da suka haɗu a tasha. Wannan abu ya ci ta ƙwarai, ko da yake ba ta taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba.

Shekarun Bincike

Ba ta ajiye makullin ba, kamar yadda wasu suka zata. A shekarar 1995 ita da kanta ta nemi hukuma ta sassauta dokar, ta yadda wanda rai ya yi wa nisa za a fara masa allurar nan take, a tsayar idan gwaji ya nuna ba ta da amfani. Ta faɗa a gaban taro cewa dokar farko tata ce, kuskuren da ke cikinta ma nata ne.

Daga nan ta mayar da rayuwarta kan tambaya ɗaya, wato yadda za a rage kwana ukun nan. A kan haka ta yi digirin digirgir, ta kammala a 1999. A 2003 ɗakin gwajinta ya fara ba da sakamako cikin kwana ɗaya, ta hanyar gwada magani kai tsaye daga kwalbar jini, a 2012 kuma, da taimakon sabuwar na'ura, ya sauko zuwa awa bakwai. A tsakanin nan ta sa an kafa famfo da sabulu a ƙofar kowane ɗakin majinyata, ta kuma zama abin tsoron duk wanda ya fito daga gado zuwa gado bai wanke hannu ba, komai girman muƙaminsa. Ta wallafa maƙaloli talatin da ɗaya, ta yaye ɗalibai da dama. Lokacin da ta yi ritaya a watan Maris na 2018 ta miƙa makullin ga wata ɗalibarta, allurar tana aiki a asibitin kamar ranar da aka kulle ta, alhali wasu asibitocin sun riga sun rasa ta.

Jinya da Rasuwa

A shekarar 2021 ciwon ƙoda ya kama ta, aka fara yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. A ranar 14 ga Nuwamba na 2023 zazzaɓi ya shige ta ta bututun wankin, aka kwantar da ita a tsohon asibitinta. Babbar 'yarta, wadda likita ce a can, ta nemi a fara mata allurar ƙarshe, tunda doka ta yarda. Ta ce, "Ɗebi jinin tukuna. Ina magana, ina gane ki, ban kai can ba. Awa bakwai ne, ba kwana uku ba." 'Yar ta ce, "Mama, yau ni ce likita." Ta ce, "To, Likita, ɗebi jinin."

An ɗebi jinin da ƙarfe takwas na safe. Da hantsi yayanta ya iso, tsoho mai shekara saba'in da ɗaya, ba wanda ya san wa ya gaya masa. Ya ja kujera kusa da gadon, ya tambayi lokacin da aka ɗebi jinin, ya ciro agogon mahaifinsu ya ɗora a gwiwa.

Bayan ƙarfe uku aka kawo takarda. Ta sa tabarau ta karanta da kanta. Ƙwayar cutar ba ta jin ko allurar ƙarshen, kuma ita ce irinta ta farko da aka gani a asibitin. Ta ce kada a buɗe kabad saboda ita, a bar wa wanda za ta yi wa amfani. Ta umarta a keɓe ɗakinta, a gwada dukan na'urorin wankin ƙoda kafin a sa wa wani, a kuma adana jinin nata don bincike. Sai da ta gama wannan ta waiwayi yayanta ta ce, "Yaya, awa nawa?" Ya dubi agogon ya ce, "Bakwai da minti goma, 'Yar Gilashi." Ta ce, "Da Baba ya samu." Ya riƙe hannunta ya ce, "Da ya samu."

Ta rasu da safiyar 16 ga Nuwamba na 2023, tana da shekara sittin da biyar. Aka yi mata sutura, aka binne ta a ranar kusa da kabarin mahaifinta. A cikin makon nan, gwaji ya gano ƙwayar a na'ura ɗaya, aka janye ta, kuma ba wani majinyaci da ya kamu bayanta.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbar, likita a asibitin da uwar ta yi aiki, na tsakiya, malamin lissafi kamar ubansa, da auta, mai binciken ƙwayoyin cuta. Ta bar jikoki huɗu, da yayanta mai gyaran agogo, wanda bayan an dawo daga maƙabarta ya bi 'ya'yanta zuwa gidanta, ya tsaya a bakin famfo ya wanke hannu kafin ya shiga. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da mahaifinta a gidan rahama.