Cikin Inno Ba Tabo

Duk Zauro ba wanda bai san Inno mai turara shinkafa ba. Yayata ce, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ganin ta zaune ba aiki ba. Tukunyar da namiji ke nishi kafin ya ɗaga, ita kaɗai take sauke ta. Yawan haihuwa da ɗaukar nauyi suka sa mahaifarta ta sauko. Ta ɓoye don kunya, sai da tafiya ta gagare ta.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba, mijinta Dikko ya kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya cire mahaifar ta ƙasa, bai tsaga ciki ba. Da zai sallame ta ya ja mata kunne: ba daka, ba ɗaga nauyi, don ɗinkin yana can ciki.

'Yan dubiya ne suka ɓata lamarin. A wurinmu in mace ta dawo daga tiyata, mata kan shiga ɗaki ta nuna musu ɗinki, su yi salati, su san irin sannun da ta kamace ta. Inno ta ɗaga riga, ciki sumul.

"To ina aikin?" in ji Riskuwa, maƙwabciyarta mai bakin tsiya. "Wanga ciki bai ga wuƙa ba. Kwana dai anka sa ki, kinka tashi."

Aka kwashe da dariya. Inno ma ta yi, amma na ga maganar ta shige ta. Ga kaka ta kama, shinkafar mutane jibge a tsakar gida, ita kuwa gara a zage ta da a ce tana kwanciyar lalaci. Ta faki idonmu ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Na shigo na tarar da ita durƙushe a bakin murhu, jini na bin ƙafarta.

A bayan motar albasa muka mai da ita asibiti. Ina riƙe da kanta ina jin hannunta na sanyi, na tsorata har na kasa addu'a. Ɗinkin ne ya saki. Aka sake ɗinkewa, Dikko ya ba da jini. Da nas ta leƙo ta ce ta farfaɗo, zama na yi a ƙasa na yi kuka na ƙoshi.

Ta warke sarai, ta goyi jikoki. Riskuwa kuwa har yau ban huce da ita ba.

Tun daga nan, duk macen da aka yi wa irin wannan aiki a unguwarmu, Inno kan ɗauki tabarma ta zauna mata a ƙofar ɗaki. Mai son ganin ɗinki sai ta tare ta:

"Ba abin kallo ciki. Yi mata sannu daga nan, in kina da ƙarfi ga turmi can."