Rigar Auta

Shekara talatin da ɗaya shagona na wanki da guga yana manne da na Baba Inci, a layin shagunan da ke bayan bariki, kuma ban taɓa ganin mutum mai tsiyar ƙa'ida irinsa ba. Telan sojoji ne. Sunan ma kurata ne suka laƙa masa, don yana iya farke wando ɗungurungum saboda inci guda, kana tsaye kana roƙonsa za ka makara fareti. Bai iya hira ba, dariyarsa ma sai an yi da gaske. Abin da ya sani shi ne jikin mutum. Ka miƙa masa awo a takarda, zai faɗa maka mai shi, har ya ƙara da cewa ya yi tumbi bana.

'Ya'yansa huɗu, uku mata, sai Auta. Bara Auta ya fara bin wasu mutane da ke taruwa a wani tsohon sito, masu cewa rabin jama'ar ƙasar nan ba 'yan ƙasa ba ne, sai an share su. Ya daina cin abinci da kowa, ya kira ubansa bawan azzalumai, wata safiya ya fita bai dawo ba. Wata tara ke nan, uwar ta rame ta zama kamar ba ita ba.

Ranar wata Litinin wani Kanar ya shigo cikin farar hula, da bandir biyu na yadin kaki da takarda ɗaya. Awon mutum arba'in, babu suna, babu lambar aiki. Kwana goma ya bayar. Da zai fita ya dafa kafaɗar Inci, ya tambayi lafiyar 'yan matansa uku, kowace da sunanta da unguwar da take aure.

Da rana Inci ya kira ni. Ya ce duk barikin nan babu jikin da bai sani ba, kuma a cikin arba'in ɗin babu soja ko ɗaya. Sai ya ɗora yatsa a layi na ashirin da bakwai. Kafaɗar hagu ta sauka da rabin inci, tun faɗowar da Auta ya yi daga bene yana ƙarami. Awon ɗansa ne.

Muka sami wani Kyaftin mai kula da ƙofa, wanda Inci ya ɗinka wa ubansa kaki kafin shi. Ashe ya daɗe yana zargi. Bindigogi suna ɓacewa daga ma'aji, rahotonsa kuma a teburin Kanar yake mutuwa. Ya ce mutanen siton za a shigo da su cikin kaki ranar yaye kurata, lokacin da iyalai suka cika fili, a yi ɓarna, Kanar da abokansa su sami dalilin ƙwace mulki. Bai san wa zai yarda da shi a sama ba, yaransa na ƙofa kaɗai gare shi. Ya roƙi alamar da yaransa za su gane su da ita. Inci ya ce kwalar rigar soja layi biyu ake mata na ɗinki, shi zai yi uku.

“Baba, ka sani fa,” in ji Kyaftin, “da makamai za su zo. Duk wanda muka gani da layi uku, ba za mu tsaya yi masa tambaya ba.”

Cikin kwana takwas Inci ya gama riga talatin da tara. Ta Auta tana yanke a kan tebur, ya kasa taɓa ta. Sau biyu muka je siton, babu kowa sai tabarmi. Ya koma wurin Kyaftin, dattijo da furfurarsa ya durƙusa, ya roƙa a harbi Auta a ƙafa. Kyaftin ya ɗaga shi, ya ce ba zai yi masa alkawarin ƙarya ba.

Ni na ba Inci shawarar banza, kuma har gobe ba na jin kunyarta. Na ce ya bar ta Auta da layi biyu, wa zai sani?

“Ya wuce ƙofa ke nan,” ya ce. “Kujerun gaba na mata ne da yara. Ka san abin da suka koya masa?”

Na ce to kada ya ɗinka ta. Ya ce Kanar zai ƙirga, kuma ya san gidajen 'yan matan.

Rana ta goma matarsa ta kawo masa abincin rana, ta ga rigar, ta ga fuskarsa. Bai ɓoye mata komai ba. Na zaci za ta yi ihu, har na matsa kusa da ƙofa. Zama ta yi a kan benci, ta daɗe tana kallon yadin. Inci ya yi ta ƙoƙarin sa zare a allura, hawaye ya hana shi gani. Ta tashi ta karɓa ta sa masa.

“Malam, ka sassauta masa wuyan,” ta ce. “Ba ya son abu ya shaƙe shi.”

Ya sassauta. Ya yi layi na ɗaya, ya yi na biyu, ya tsaya ƙafarsa a kan fedar keken ɗinki. Motar Kanar ta tsaya a waje, direba ya danna hon. Matar ta ɗora hannunta a bayan mijinta, keken ya sake tashi.