Ni da Nana da Tsinken Shan Lemo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na yi kuɗi na manta da mutane, na ga saƙonninku, Allah ya amsa bakinku. Ni dai ciwo na yi.

Da haƙori ya fara, na can ciki. Na sa kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, na sha farasetamol kamar gyaɗa. Mijina, Baban Nana, yana Legas ci-rani, ban so in tayar masa da hankali a kan haƙori ɗaya. Ranar kasuwa na je wurin wani mai cire haƙori, ya fizge shi. Ashe rabin saiwar ya bari a ciki.

Kwana uku, kumburi ya kai wuya. Kwana biyar, bakina ya rufe. Ko yatsa ɗaya ba ya shiga tsakanin haƙorana.

A asibitinmu na Matamaye majo, babban ma'aikacin jinya, ya dube ni sau ɗaya, ya ce wa yayata: "Ku wuce Damagaram yau, ba gobe ba."

Can aka yi mini hoto da gwajin jini, aka tsaga aka fitar da mugunya, sai ƙarin ruwa da allura safe da yamma. Tumakina biyu suka tafi a magani. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo tsinken roba na shan lemo, ta zura shi ta giɓin haƙorin da aka cire. Ta nan nake shan ruwa da kunu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hamma ta zo, ba hanyar fita. Magana ta cika mini ciki, sai gurnani. Kullum ina tsoron amai, don in ya taso ina zai bi? Wallahi na ji tsoro.

Amma abin da ya fi cin raina 'yata Nana ce. Shekararta ɗaya da wata bakwai, tana shan nono, aka bar ta wurin Inna, uwar mijina. Yaye ba shiri. Kafin kwana goma sha biyun da na yi a asibiti su cika, nonon ma ya ƙafe.

Da na dawo gida, da ƙyar na gane ta. Ta rame, tana wani tari mai kauri. Ta ga moɗa ko cokali sai ta datse baki ta kau da kai.

Da la'asar na ga dalili. Inna ta kwantar da ita a cinya, ta tara kunu a tafin hannu a bakinta, ta toshe mata hanci. Ɗura. Nana na shure-shure, tana shaƙewa, idonta a kaina. Ni kuma ina zaune, ba bakin ihu, ga shi suruka ce.

Ta tsakanin haƙora na ce, "Inna, don Allah a bari."

"Ke 'yar nan, in ban ɗura mata ba, me za ta ci? Haka na yi wa ubanta, ga shi can ƙato."

Washegari muka kai ta asibiti saboda tarin. Majo ya ce kunun ne ke sauka a ƙirjinta, ya ba da magani, ya ce a daina ɗura. Amma dole ta sha wani abu, in ba haka ba kwantar da ita za a yi.

A hanya Inna ta ce, "Na ba ki zuwa gobe la'asar. Ba zan zuba ido jikata ta bushe a gabana ba."

Ba ni da bakin lallashi, ba ni da na waƙa. Tsinkena kawai nake da shi. Na zauna a tabarma ina zuƙa da ƙara tana kallona. Na ba ta sabo. Ta cije shi, ta hura kumfa a kofi, ta jefar. Ranar farko ke nan, na shiga ɗaki na yi kuka.

Da safe na yanke tsinken rabi. Na tsoma shi a kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, na danne saman da babban yatsa, na kai leɓenta, na saki ɗigo ɗaya. Ta tofar. Na sake. Ta lasa. Haka muka yi ta yi har azahar ta wuce.

Sai na kai mata ban ɗaga yatsa ba. Ta jira, bai zubo ba. Ta harare ni, ta kama tsinken da leɓe, ta ja.

Na mayar da shi cikin kofi, ta bi shi da baki. Lokacin da Inna ta fito da ƙwaryar kunu, Nana ta kusa rabin kofi. Inna ta leƙa kofin, sannan ta ajiye ƙwaryar.

Yanzu bakina yana buɗewa yatsa uku, ina cin tuwo. Tarin Nana ya tafi. Alhamdulillahi. Na gode wa yayata da ta yi jinyata, da ma'aikatan asibiti, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Shawarata: ciwon haƙori a kai shi asibiti, kada a kai shi kasuwa. Kumburi ya fara sauka wuya, kada a jira gobe. Yaro ya ƙi sha, a gwada tsinke, a ɗiga masa da haƙuri, kada a toshe masa hanci.

Kuma kada ku zagi tsofaffinmu, ku yi musu bayani. Bayan kwana biyu Inna ta ce in nuna mata yadda ake danne tsinken. Ta gwada har sau uku, sannan ta ce, ba ta dube ni ba:

"Baban Nana yana da ƙanwa. Irin tarin nan ta yi, muka binne ta. Ba wanda ya taɓa ce mini ɗura ce."