Malam Sabo Ina-Hujjarka

Duk wanda ya zauna a ajin Malam Sabo a Kiru ya san ba a gaishe shi a wuce salin-alin. Zai tambaye ka ya gida, ka ce lafiya lau. Sai ya sauke tabarau kan hanci ya ce, "Wannan da'awa ce. Ina hujjarka?" Kai jama'a! Da sassafe, ko koko ba ka sha ba.

Hausa yake koya mana a sakandare, amma rabin shekara a kan muhawara da rubutun jan ra'ayi muke ƙarewa. Har yau ina iya jero kalmominsa. Da'awa ita ce abin da kake so a yarda da shi. Hujja ita ke riƙe ta, misali kuma ya nuna ta a fili. "Amma" nan ne kake juya maganar abokin hamayya, "saboda haka" kuma nan kake ɗaure bakin buhu.

Abu biyu ya haramta mana: rantsuwa da "kowa ya sani". Kun tuna ranar da 'yar ajinmu Talatu ta rubuta cewa kowa ya sani shinkafa ta fi tuwo? Malam ya miƙe tsaye.

"Talatu, wane ne Kowa? Ɗan gidan wa ne? Je ki kira min shi ya ba da shaida."

Ta ce, "Wallahi Malam..."

Ya ce, "Kun gani! Hujja ta ƙare, an koma rantsuwa."

A waje ma bai bar mutane sun huta ba. Wata ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki, Iliya ɗan acaɓa, tsohon ɗalibinsa, ya ce, "Malam, hau mu tafi, ruwa zai sauko."

"Ina hujjarka?"

"Ga hadari nan ya haɗu!"

"Hadari alama ce kawai. Jiya ma ya haɗu ya watse."

Suna cikin ja-in-ja ruwa ya kece. Iliya ya dube shi ya ce, "Saboda haka, Malam, mun jiƙe."

Malam, ruwa na tsiyaya daga hularsa, ya ce, "Kammalawarka ta yi kyau. Gabatarwar ce ba ƙarfi."

Amma babban abin shi ne shari'ar masara. Wata damina shanun Buba, wani makiyayi daga rugar da ke wajen Ɗansoshiya, suka shiga gonar Malam suka yi ɓarna sosai. Abincin gidan na shekara ke nan. Gari ya ɗau zafi, samari har sun fara maganar a tashi rugar. Aka zauna gaban mai unguwa bayan azahar, Buba ya sunkuyar da kai, ya kasa cewa komai.

To, dokar Malam ce: kafin ka rushe maganar mutum, sai ka faɗe ta yadda shi kansa zai ce haka ne. Ganin Buba ya yi shiru, sai Malam ya fara kawo masa hujjoji. Ya ce burtalin da shanu ke bi an nome shi. Ya ce a ranar da abin ya faru matar Buba tana naƙuda, hankalinsa ya rabu. Ya kawo misali kan misali, har samarin nan suka fara gyaɗa kai. Ana kiran la'asar, mai unguwa ya ce tunda mai gona da bakinsa ya ba da uzuri, magana ta ƙare.

Da ya koma gida matarsa, Inna Hajara, ta tare shi a zaure.

"Malam, wai da gaske ne wanda ya cinye mana masara ka tsaya ka kare?"

"Ƙa'ida ce, Hajara. Hujjar abokin hamayya ake fara kawowa."

"To ina taka?"

"Ai kafin in zo kan 'amma' aka kira la'asar."

Ta yi kwana da kwanaki ba ta ce masa sannu ba. Amma ba a tashi rugar ba. Da kaka Buba ya kawo shanunsa suka kwana a gonar suka zuba mata taki, kuma tun daga nan ƙwaryar nono ba ta yanke a gidan Malam ba.

Ranar da Malam ya rasu, a ƙafa Buba ya taho daga ruga. Ya kama makara, aka yi aka yi ya ba wani ya ƙi, har maƙabarta.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya nema wa wani uzuri a kan gonarsa, Allah ya karɓi nasa uzurin. Amin.