Muryar Yayana a Garmahon Tafinta

Jama'a, yau na ji mamaci yana waƙa a kasuwar Dogon Dutsi!

Na kawo gero, inna na gefe tana saida daddawa. Sai ga taro wajen tafintan kumandan, baturen mulki. Tafintan ya aza garmaho, akwatin waƙa, bisa tabarma, ya ce, "Wanda ya gane waƙar nan, goro nashi ne!"

Goge ya tashi, murya ta biyo: "Gero ya nuna, masu yanka ba su gida..."

Na kutsa cikin taron. Yayana Dawa ne! Wani bature ya taɓa ɗaukar muryarshi, kafin a tafi da shi aikin tilas na hanya. Bai dawo ba.

Na ce, "Waƙar girbi ce, ta yayana!"

Aka yi shewa, tafinta ya jefo min goro.

Na ce, "Ranka shi daɗe, sake sawa, in kira inna ta ji ɗanta."

Ya rufe akwatin. "Allurar garmahon nan daga Faransa take. Ba a ɓata ta don tsohuwa guda."

Da na koma, inna ta ce, "Shewar me ake?"

Na miƙa mata goron, na ce, "Ba komai, Inna."