Mai Sanduna a Gadar Jirage

Kwana uku ke nan yana zuwa gadar katakon da nake tuyar kifi a bakinta, nan tsibirin Roatán. Dattijo ne mai faffaɗan ƙirji, amma ƙafafunsa sun shanye, da sanduna biyu yake tafiya. Ba ya roƙo. Zama yake kusa da tukwanen iskar da baƙin otal ke goyawa su nutsa kallon kifaye, ya karkata kai kamar mai sauraron rediyo.

Yau wata baƙuwa ta goya tata, za ta shiga jirgi, sai ya tare ta da sanda.

"Tsaya, 'yata. Tukunyarki na yoyo."

Wilmer mai koyar da nutso ya ce, "Haba Baba, da hannuna na duba ta!"

"Da hannu ka duba. Kawo kunne."

Wilmer ya kara kunne, ya ji iska na fita, ya je ya ɗauko wata.

Irin wannan ƙirji da irin waɗannan ƙafafu na sha ganinsu a jikin masu nutson kamun ƙaguwa, waɗanda zurfi ya nakasa. Ko shi ma haka ne? Wa ya duba masa tasa tukunyar?

Na miƙa masa kifi na ce, "Baba, ba ka jin haushin tekun nan?"

Bai ɗauke ido daga jirgin ba. "Haushi? Jira nake baƙuwar ta fito ta faɗa min abin da ta gani. Shekara ashirin na yi ina nutso a ƙasan ruwan nan, ban taɓa tsayawa kallo ba."